Labarin Nanabozo Kafin Saukar Ƙanƙara

A ƙarƙashin Babban Tafki, can ƙasar Ojibwe inda ruwa ya fi tudu yawa, akwai wani birni da aka gina da zallar jan ƙarfe. Sarkin birnin shi ne Mishibiji, damisar ruwa mai ƙaho, kuma aljanunsa na da wani irin kunne wanda duk abin da aka faɗa a bisa ruwa a cikinsa yake sauka. Ba sa runtsawa sai hunturu ya shigo, ƙanƙara ta rufe tafkin ruf. Shi ya sa mutanen ƙasar suke da doka wadda ko yaron goye ya sani: ba a ba da labarin Nanabozo sai ƙanƙara ta sauka. Domin Nanabozo, hatsabibin nan mai rikiɗa, wanda uwarsa mutum ce ubansa iska, babu aljanin da bai taɓa yi wa ta'asa ba, kuma yawancinsu ba su san shi ne ba.

Zibikwe ta san dokar sarai. Bakinta ne bai san ta ba.

Ran nan da kaka, rana tsaka, ita da yayarta Wasaya suna cikin kwalekwale suna girbin shinkafar tafki. Wasaya ce a tsaye a baya tana tura jirgin da doguwar sanda, kamar yadda ta saba tun suna 'yan mata, ita kuwa Zibikwe tana zaune tana lanƙwaso kawunan shinkafa tana kaɗe su cikin jirgi. Shiru ya yi mata yawa, harshe ya fara ƙaiƙayi.

"Yaya, kin tuna lokacin da Nanabozo ya shiga gidan Sarkin Ruwa cikin siffar tsohuwa mai magani?"

"Rufe mini baki. Kin ga ƙanƙara a nan?"

"Ai kaɗan zan taɓa. Ya same shi yana minshari, ya zaro wuƙa, ya yanke masa ƙahon hagu ƙat, ya cusa a jaka, ya nufi..."

"Zibikwe, kar in ji an faɗi inda ya ɓoye ƙahon nan."

Wasaya ba ta rufe baki ba ruwan da ke gefen jirgi ya tsage gida biyu. Wata wutsiya mai ƙyallin jan ƙarfe, kaurinta ya kai gindin itace, ta fito ta naɗe ta daga ƙugu. Wata murya ta taso daga ƙasa, jirgin na rawa saboda nauyinta: "Wannan ce ta san inda yake." Ruwa ya koma ya haɗe. Sai sanda kawai tana yawo a sama.

Zibikwe ta yi ta kiran sunan yayarta har maƙogwaronta ya dushe. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Wasaya ba ta san ƙarshen labarin ba. Tun tana yarinya, da an fara labari take yin barci. Kuma kowa ya san wanda ya daɗe a birnin jan ƙarfe, ɓawon kifi ke fito masa, ya manta da tudu da duk wanda ya bari a kansa.

Ta ciro ƙullin taba daga wuyanta, ta barbaɗa a ruwa yadda ake yi in za a roƙi aljanu, ta ce, "Duk wanda ke ji, ya taimake ni."

"Da kin zuba a hannuna, Inna, da ba ta jiƙe ba."

Ta waiwaya. Kututturen da ke kan wani dutse kusa da ita ya miƙe tsaye, ya yi hamma, ya zama dogon mutum mai manyan kunnuwa, yana suɗe ƙashin kifi. Inna ya kira ta, don duk 'yan Adam dangin uwarsa ne, mata innoninsa, maza kawunnansa. Nan take ta san ko wane ne.

"Nanabozo."

"Shi da kansa. Kin tona mini asiri a tsakiyar kaka, Inna. Shekara da shekaru Mishibiji na zargin wata tsohuwa, yau kin gyara masa lissafi."

"Na yi laifi, ɗana. Amma yayata aka ɗauka, ba ni ba. Ka kai ni in faɗa masa inda ƙahon yake ya sake ta."

"Ki faɗa masa? Ran da ƙahon nan ya koma kansa, ruwa zai hau har kan tsaunuka, ke da shinkafarku da yayarki duk ku zama abincin kifi." Ya jefar da ƙashin, ya karkace kai yana kallonta. "Amma an ce rumbunsa cike yake da busasshen nama. Tashi mu je."

Kafin su nutse sai da ya yi wani aiki. Ya rikiɗa ya zama guguwa, ya faɗa cikin doguwar ciyawar kacalla da ta kewaye tafkin, ya yi ta birgima a cikinta. Kawunan kacalla suka farfashe, audugarsu ta tashi ta rufe rana, sannan ta sauko ta kwanta a bisa ruwa fari fat, tun daga wannan gaɓa har waccan. Ya dawo yana atishawa.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Zibikwe.

"Na hunturu." Ya hura mata iska a fuska, ya kama hannunta, suka faɗa.

Tun daga wannan hurawa ruwa ya zame mata kamar iska. Suka yi ta nutsewa, haske na komawa kore, koren na komawa shuɗi, har suka dira a bayan wata kififiya wadda faɗinta ya kai filin rawa. Itatuwa sun tsiro a bayanta, kifaye na sheƙa a rassansu.

Nanabozo ya rusuna. "Gaisuwa ga mai ɗakin da ba a gina ba, wadda ta riga duwatsu tsufa. Baƙi ne ke neman a rage musu hanya zuwa birnin jan ƙarfe."

Kififiya ta juyo da kai a hankali. "Na amsa gaisuwa. Ina kai baƙo, amma hanyata ta Dajin Muryoyi ce. Wanda ya yi magana a cikinsa, muryarsa ta zama ta dajin har abada. Wa ke da dogon harshe a cikinku?"

Nanabozo ya nuna Zibikwe. Zibikwe ta nuna Nanabozo.

"To, ku duka na tausaya muku," in ji kififiya, ta kama hanya.

Dajin Muryoyi daji ne na itatuwan da ruwa ya ci tun farkon duniya, kowane reshe rataye da wani abu kamar gora mai haske. Suna shiga gorunan suka fara magana. Wani ya ce, "Zibikwe, wai gaskiya ne ke ce kika fi kowa lalaci a garinku?" Ta cije leɓe. Wani ya kawo rabin wani tsegumi mai daɗi, ya tsaya daidai inda ita ta san sauran. Gumi ya keto mata a cikin ruwa. Can sai muryar Wasaya, sak, tana kuka: "Ƙanwata, ina nan, amsa mini in san inda kike." Bakin Zibikwe ya buɗe da kansa. Ta cafko kitsonta ta cusa a ciki, ta danne da haƙori har ta ji ɗanɗanon jini. Da ta dubi Nanabozo, sai ta ga ya ɗaure bakinsa da kunnuwansa biyu, idanunsa sun firfito.

Suna fita daga dajin ya kwance kunnuwan ya yi ajiyar zuciya. "Wani gora ya ce wai ban iya rawa ba. Ni. Saura ƙiris in amsa masa."

Daga nan suka faɗa Kwazazzabon Igiyoyi, inda macizan ruwa ke rataye daga sama kamar saiwoyi, suna laluben duk abin da ke da ɗumi. Kififiya ta shige da kanta ciki ta ce su san ta kansu. Nanabozo ya kwashi taɓon ƙasa mai sanyi ya shafe Zibikwe tun daga kai har ƙafa, shi kuma ya zama ɗan tsakuwa ya faɗa cikin tafin hannunta. Macizai suka yi ta shafar fuskarta da harsunansu. Ɗaya ya naɗe wuyanta, ya saurara, ya saurara, tana jin sanyinsa har cikin ƙashi. Da bai ji ɗumi ba ya warware ya tafi.

Sai ga birnin. Ganuwarsa ja jawur tana ƙyalli, ƙofofinta haƙarƙarin manyan kifaye ne, kuma kwaɗi masu girman shanu ne ke gadi, kowa riƙe da mashi. A nan kififiya ta sauke su. Tsakuwar da ke hannun Zibikwe ta kumbura, ta zama ƙaton zomo fari sol, irin farin da zomayen ƙasar ke yi in hunturu ya shigo.

"Ki yi rawar ɗari, Inna," ya raɗa mata. "Ki kaɗa haƙora. Sauran ki bar mini."

Aka shigar da su fada. Mishibiji na kwance a kan gadon jan ƙarfe, jikinsa ya cika rabin zauren, ƙaho ɗaya a dama, dungu a hagu. A gindin gadon Wasaya na zaune. Zibikwe ta ga ɓawon kifi ya riga ya rufe mata hannaye har gwiwa, idanunta sun zama fato-fato ba sa ƙiftawa. Ta kalli ƙanwarta kamar yadda ake kallon bango.

Zomo ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, mai ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta. Manzon hunturu ne. An aiko ni in ji ko lafiya, don an ga fitilun birninka a kunne, alhali duk sauran aljanu sun kwanta."

"Hunturu?" Muryar sarki ta girgiza ginshiƙai. "Ɗazu ake girbin shinkafa a kaina."

"Haka duk wanda ya makara yake cewa, ranka ya daɗe. Dubi gashina. Ɗaga kai ka dubi sama."

Sarki ya ɗaga kai, fadawa suka ɗaga. Can sama, inda ya kamata su ga rana na wasa a bisa ruwa, sai fari fat, babu ko tsaga.

Wani tsohon kwaɗo, wanda shi ne wazirin sarki, ya matso yana shinshinar zomo. "Ranka ya daɗe, jikina bai ji sanyi ba. Kuma zomon nan warin kifi yake."

"Waziri ya yi magana," in ji zomo, ko gezau. "To ina tambaya. Yau an ji labarin Nanabozo a bisa ruwa ko ba a ji ba?"

"An ji."

"Tun da aka kafa birnin nan, yaushe 'yan Adam suka taɓa ba da shi ba cikin hunturu ba? Akwai mahaukaciyar da za ta yi haka da kaka?"

Zibikwe ta kaɗa haƙora da ƙarfi, kunya na cin ta. Waziri ya ja da baya. Can wani bafade ya yi hamma. Na kusa da shi ya karɓa. Hamma ta zagaye zauren kamar an raba goro, har ta iso kan sarki, ya wangame baki Zibikwe ta hango haƙora jere kamar wuƙaƙe.

"Ko hunturu ne, ba zan kwanta ba sai na ji inda ƙahona yake," in ji Mishibiji. "Wannan matar ta ce ba ta sani ba."

Zibikwe ta durƙusa. "Ni ce na sani, ranka ya daɗe. Amma labari ba ya farawa daga wutsiya. In an yarda in ɗauko shi daga kai."

"Ɗauko. In kika tsaya, na haɗiye ku duka."

Ta fara, da muryar da ake ba da labari a bakin wuta, a hankali, tana jan kowace kalma. Ta faɗi yadda Nanabozo ya tashi da safe, da abin da ya ci, da abin da ya so ya ci bai samu ba. Ta bi shi kogi kogi, tana faɗin sunan kowane kifi da na uwarsa. Kwaɗi suka fara zubewa, mashin kowa na faɗuwa. Waziri ya yi ta fama da idanunsa har ya kife. Wasaya kuwa tun a abincin safe ta yi barci. Kan sarki ya yi ta sauka har haɓarsa ta taɓa gado.

Zibikwe ta tsaya ta haɗiyi miyau. Nan take idon sarki ɗaya ya buɗe, rawaya kamar wuta.

"Sai me ya faru?"

"Sai... sai ya ci gaba da tafiya, ranka ya daɗe." Idon ya rufe.

A nan ta gane irin ramin da ta faɗa. Muddin murya na tafiya, sarki na barci. Da ta tsaya zai farka. Ta waiga neman Nanabozo, sai ga shi yana fitowa daga rumbun sarki da buhun nama wanda ya fi shi girma, bakinsa cike.

"Kin iya, Inna," ya raɗa mata yana tauna. "Ki riƙe shi haka. In ƙanƙarar gaskiya ta sauka zai yi barci mai nauyi, sai in dawo in ɗauke ku."

Ta zare masa ido tana nuna Wasaya da hannu, bakinta na ci gaba da zuba. Ɓawon kifin ya riga ya hau kafaɗa. Kafin ƙanƙarar gaskiya, babu abin da zai rage na yayarta.

"Hannuna biyu ne kawai, kuma kin ga buhu," in ji shi. Ya juya ya nufi ƙofa a kan yatsun ƙafa.

Zibikwe ta dube shi, ta dubi yayarta. Sai ta ɗan ɗaga murya.

"Da Nanabozo ya iso ƙofar Sarkin Ruwa, sai tsoro ya kama shi. Ya zauna ya fashe da kuka yana kiran kakarsa."

Zomo ya tsaya cak.

"Sai wani ɗan ɓeran ruwa ya ji tausayinsa, ya ce, share hawayenka, bawan Allah, ba ni wuƙar. Ɓeran nan shi ya shiga, shi ya yanke ƙahon. Nanabozo jaka kawai ya riƙe, ita ma sau biyu tana faɗuwa daga hannunsa."

Kunnuwan zomo suka miƙe. Ya ajiye buhu. Ya dawo da sanɗa, gashin bakinsa na rawa. "Inna, ba haka aka yi ba."

"Tun daga ranar," in ji Zibikwe, ba ta ko kalle shi ba, "duk wanda ya san gaskiya, ɓeran ruwa yake yaba wa. Kuma haka zan riƙa ba da shi duk hunturu, jikoki su ba jikoki."

"Wane ɓera? Babu ɓera a wurin." Ya ture ta gefe ya zauna a inda take. "Ku saurara ku ji yadda aka yi. Ya iso ƙofar nan ƙirjinsa a buɗe, ko ɗar bai ji ba. Masu gadi suka taso, na dube su..."

"Wa?" in ji sarki cikin barci.

"Shi, ranka ya daɗe. Shi ya dube su."

Zibikwe ta riga ta saɓa Wasaya a baya. Sai da ta kai bakin ƙofa Nanabozo ya ɗago kai suka haɗa ido. Ta ga lokacin da ya gane ta yi masa wayo. Bakinsa ya tsaya, idon sarki ya fara motsi, dole ya ci gaba. Amma ta rantse ta ga dariya na neman ƙwace masa, har ya ɗaga mata kunne ɗaya.

Ta tsallake kwaɗin da ke minshari, ta fita ganuwa. Kififiya ta shige ɗakinta ta yi barci, macizai sun dunƙule kamar igiyar guga, gorunan dajin sun dushe, don labarin hunturu ya riga ya zagaye ƙasan tafki. Babu mai kai su. Ta ɗaure yayarta a baya da ɗamararta, ta doki ƙasa, ta yi sama. Wasaya na da nauyi kamar dutse, jikinta sanyi ƙalau, kuma iskar da Nanabozo ya hura ta fara ƙarewa. Ruwa ya fara komawa ruwa. Ƙirjinta ya ɗauki wuta, hannayenta suka mutu, farin da ke sama kuwa kamar ja da baya yake. Ta rufe ido ta yi ta bugun ruwa, har kanta ya fasa audugar kacalla, rana ta dalle mata fuska.

Jirginsu na nan ya maƙale cikin shinkafa, sandar na gefensa. Da kyar ta tura Wasaya ciki ta hau. Daga tsakiyar tafki kumfa na ta tasowa ɓul-ɓul ba tsayawa, alamar mai labari bai kai ko rabi ba.

Wasaya na kwance a kan shinkafar da suka girba. Ta farka, amma idanun nan na kifi na kallon sama ba ƙiftawa, bakinta na buɗewa yana rufewa.

"Yaya. Yaya, ni ce." Muryar Zibikwe ta tafi, sai iska ke fita. Ta girgiza ta, ta murza mata hannaye, ta ɗora goshinta a kan nata. Babu alama. Hannun Wasaya ya miƙa ta gefen jirgi yana laluben ruwa. Zibikwe ta janyo shi, ya sake miƙawa.

Ba ta da sauran magana. Abin da ya rage shi ne ta kai ta tudu kafin ta koma cikin ruwa. Ta ɗauki sandar ta miƙe tsaye a baya, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Ta kafa ta tura, jirgi ya juya hagu. Ta sake turawa, ya juya dama ya kutsa cikin shinkafa, yana karya kara, ƙwaya na zuba a ruwa. Hawaye ya rufe mata ido. Ta tura da duk ƙarfinta, sandar ta kafe a taɓo, jirgi ya yi ta kewaya wuri ɗaya yana tattake shinkafar mutane.

"Haka ake riƙe sanda?"

Zibikwe ta sandare.

Wasaya ta tashi zaune. Idanunta na ƙiftawa, ɓawon kifi na zubowa daga kafaɗunta kamar ƙaiƙayi. Ta dubi karan da aka karya, ta dubi farin da ya rufe tafki, ta dubi ƙanwarta da ke tsaye jiƙe sharkaf, taɓo har cikin kunne.

"Dubi ɓarnar da kika yi. Ba ni nan, ki zauna." Ta karɓe sandar, ta zare ta daga taɓo da juyi ɗaya, jirgi ya miƙe ya nufi gida. Sun yi nisa kafin ta sake magana. "Me ya same ki kika yi shiru haka? Ba ki da lafiya ne?"

Zibikwe ta girgiza kai. Ta kama gefen rigar yayarta ta riƙe gam, ba ta saki ba har suka taka tudu.